Shimfiɗar teburin da ba wanda ya sa ni

A cikin birnin Zariya aka haife ni a 1960, a gidan da allura ba ta hutawa. Mahaifinmu malamin zaure ne, kuma kamar malaman birni da yawa a lokacin, ɗinki ne sana'arsa. Da asuba karatu, da hantsi ya zauna a kan buzu ya ɗora riga a gwiwa, manyan almajiransa su kewaye shi kowa da hula a hannu. Akwai wani dattijo da ake aikawa a kira musamman don zane. Shi ba ya ɗinki. Da alƙalamin kara da tawada zai zana aska takwas ko aska biyu a aljihun riga, ya zana tambari, a sallame shi ya tafi, sai maɗinka su bi sawun tawadarsa da zaren tsamiya wata da watanni. Mu mata sai leƙe daga soron ciki. Surfanin babbar riga aikin maza ne a wancan zamani, iyayenmu mata kuwa mazari suka sani.

A 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam, kawuna ya tsaya kai da fata sai da aka kai ni makarantar horon malamai mata. A can na fara riƙe allura da izini. Malamar ɗinkinmu 'yar Indiya ce, irin waɗanda suka cika makarantun Arewa a shekarun nan, siririya, ba ta ɗaga murya, amma idan ta karɓi aikinki bayansa take fara juyawa. In ta ga ƙulli ko zare yana reto sai ta miƙo miki almakashi kawai. Ita ta koya mana ɗinkin ƙirge, wanda muke ce wa kuros.

Ya sha bamban da abin da na taso ina gani a zaure. Ba a zana komai a jikin yadin. Yadin kansa saƙar gida-gida ce, ana kiransa Aida, namu mai gida 14 a kowane inci. Zanen yana takarda, shi ma gida-gida, kowane launi da alamarsa. Ki ƙirga a takarda, ki ƙirga a yadi, ki gitta zare biyu a gida ɗaya. Inci ɗaya tsawo da faɗi gida 196 ke nan, wurin da tafin hannu zai rufe ya haura dubu biyu. Zaren Anchor muke amfani da shi, ƙulli ɗaya mita 8, sili shida a murɗe, ki zare biyu ki sa a allura mai dakusasshen baki don kada ta tsaga saƙar. Dokokin ba su da yawa amma ba sassauci: silin sama duk fuska ɗaya zai kalla, ba a ƙulli, ana cusa bakin zare ne a ƙarƙashin ɗinkin baya. Kuskuren gida ɗaya kuma ba ya bayyana nan take, sai kin yi nisa ki ga ganye ya ƙi haɗuwa da reshensa.

'Yan ajinmu da dama sun tsane shi. Ni kuwa ya shiga raina, wataƙila don lissafi nake so. A 1977, bayan na gama rigar matashin kai da aka sa mu don jarrabawa, na tara kuɗin kashewata na sayi yadi babba a wajen malamar, ta ara mini wani ɗan littafin zane na Ingila, daga baya ma ta ce in riƙe. Shimfiɗar tebur na ɗauko: jajayen furanni da koren ganye su zagaye gefe huɗu, kwandon furanni a tsakiya. Na gama gefe biyu, na ci rabin na uku, sai makaranta ta ƙare a 1978.

Abin da ya biyo baya da sauri ya zo. Shirin UPE, na ilimin firamare kyauta ga kowa, da aka buɗe a 1976 ya cika firamare da yara babu malamai, don haka takardar aiki ta riga sakamakon jarrabawa isowa. Aure kuma dama ana jiran in gama ne. Wani abin dariya, ɗakin da aka kai ni babu tebur. Gadon ƙarfe ne mai rumfa, da jeren kwanuka har kusa da rufi, da tabarma. Shimfiɗar ta shige ƙasan akwatin ƙarfe, turamen lefe suka hau kanta.

Ba zan ce kewar ɗinkin ta dame ni ba. Ga goyo, ga aji maƙil da yara, ga maigida yana aiki a wata masaƙa a Kakuri, sai ƙarshen mako yake zuwa daga Kaduna. Allura ta dawo hannuna ne ta wata ƙofa daban. Daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, naira ta faɗi, kayan masarufi suka tashi, albashin malaman firamare kuma ya zama sai an ga dama, a yi watanni ba a gan shi ba. A lokacin matan birni sun riga sun karɓe surfani daga hannun maza. Tun wajen shekarun 1970 abin ya fara, maza suna tafiya boko da aikin gwamnati, mata a cikin gida suna ɗaukar hula da riga. Wata maƙwabciyata ta haɗa ni da dillaliyarta.

Wanda bai yi ba ba zai san yadda aikin yake ba. Dillaliya za ta kawo ƙyallen hula da zarensa a ƙirge, ta faɗi ranar da za ta dawo. Launi ba zaɓinki ba ne, zane ba zaɓinki ba ne. In zare ya gaza, ke kika ɓarnatar. In azumi ya kama, aiki ya ninka, kowa yana son sabuwar hula ranar idi. Ina dawowa daga makaranta in ɗora tukunya, in duba littattafan yara, bayan isha'i in jawo fitilar ƙwai in zauna har kan allura ya riƙa zama biyu a idona. Daga hula na koma aljihun riga, kuɗinsa ya fi kauri, wahalarsa ma haka. Na ɗinka aska takwas ɗin da nake leƙen mahaifina yana yi, ban san adadi ba, kuma ban taɓa ganin ko ɗaya a jikin mai ita ba. Da kuɗin nan aka biya jarrabawar yarana ta gama sakandare. Da masaƙun Kaduna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun 2000, maigida ya dawo gida hannu rabbana, da allurar nan muka ci tuwo.

Ina gode wa Allah da sana'ar, ta rufa mana asiri. Amma raina yana ɓaci idan na ga ana nuna hula a talabijin ana ta kirarin al'adun gargajiya, ba wanda ya tambayi nawa ya shiga hannun matar da ta ƙare idonta a kai. Tsakaninta da mai sa hular akwai dillaliya, da mai wanki da bugu, da ɗan kasuwa, kowa da rabonsa, nata ne ƙarami. Da hular inji ta cika kasuwa, ɗan abin ma ya ƙara raguwa. Gaskiyar magana, a shekarun nan na tsani allura. Ranar da na yi ritaya a 2013, bayan shekara 35 ina koyarwa, idona ya riga ya fara hazo, na tattara zare da allurai na ba yaran maƙwabta, na ce ni da ɗinki sai a lahira in ana yi.

Maigida ya rasu a watan Disamba na 2019, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Ina cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, korona ta shigo, aka rufe jihar Kaduna a ƙarshen Maris na 2020. Masu zuwa gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Gidan ya rage daga ni sai jikata, 'yar babban ɗana, da ke karatu a Samaru, jami'a kuma a rufe, ga cuta ga yajin aiki. Tun tana ƙarama marigayi yake ce mata amarya, ni kuma kishiya nake kiranta. Da ita muka riƙa fito da kaya ana ware na gado. Ita ta kai ƙasan akwatin.

Ta warware yadin shimfiɗar nan a tsakar ɗaki ta ce, "Hajiya, wannan na wace ce?"

Na ce, "Nawa ne. Tun ubanki bai zo duniya ba."

"To wa ya sa ki, kika cinye masa kuɗi ba ki gama ba?"

Na buɗe baki in ba ta amsa sai na tsaya. Duk abin da na ɗinka a rayuwata akwai mai shi, akwai ranar karɓa. Wannan kaɗai ne ba wanda ya sa ni.

Yadin ya yi ruwan ƙasa a kan ninki, yana warin kafur. Allurar tana nan soke inda aka tsaya, ta yi tsatsa ta bar tabo. Ragowar zaren yana cikin wata ambulan da takardunsa masu lamba. Littafin zanen ne babu, ko sama ko ƙasa. Ni kuma a lokacin ko ramukan yadin ba na gani, furannin ma jan abu kawai nake hange.

Kishiyar nan tawa ita ta ɗauki abin da zafi, ina jin zaman banza ne ya ishe ta. Ta ɗauki hoton gefen da aka gama da wayarta, ta riƙa buɗa shi da yatsu har kowane gida ya fito, tana kwafewa a littafin lissafi mai gida-gida da biro ja da kore. Tun da zanen gefe maimaita kansa yake yi, fure ɗaya da reshensa da kusurwa ɗaya sun wadatar. Tabon tsatsa muka sa masa lemun tsami da gishiri muka shanya, ya dushe, bai fita duka ba. Wankin kuwa da ruwan sanyi muka yi, ina ta fargabar kada jan ya zuba. Bai zuba ba.

Sai a 2021 aka yi mini aikin yanar ido a Kano, ɗaya bayan ɗaya, aka ba ni tabarau. Yarana sun daɗe suna fama da ni a kan aikin nan ina ƙi, ina cewa me ya rage in gani. Babban har yanzu yana yi mini tsiya, wai su da suka roƙe ni ban ji ba, sai da tsumma ya roƙe ni.

Zare ya ba mu wahala. Na kasuwar Sabon Gari da muke hula da shi yana da sheƙi da santsi, a kusa da tsohon sai ya yi kamar ba dangi ba. Wata tsohuwar ɗalibata da ke aikin jinya a Ingila ta ji labari, ta ce in turo mata lambobin. DMC ta samu, na wani kamfanin Faransa da ke garin Mulhouse tun 1746, kuma akwai jadawalin da ke nuna wace lamba ce ta yi daidai da wace. Baƙin Anchor mai lamba 403 shi ne 310 a DMC, wannan ya zauna daram. Ja ne ya ƙi. An aiko 321, wanda aka ce ya fi kusa, amma jan da ya shekara arba'in da wani abu a akwati ya riga ya kwanta, sabon kuwa sai ƙyalli yake. Aminiyata ta ce in farke tsohon gaba ɗaya in sake, aiki ya tafi bai ɗaya. Wanda ya san yadin nan ya san ba ya yafe farka: ramukan sukan buɗe, jan zare kuma yakan bar sawunsa. Ban da haka ma, da na juya bayan aikin yarinyar nan 'yar shekara 17, wato ni a wancan lokaci, na ga tsabtarsa, ko ƙulli ɗaya babu, sai na ji ba ni da hurumin taɓa mata kaya.

Abin da ban zata ba shi ne hannuna. Na ɗauka mai shekaru tana surfani wannan wasa ne a wajenta. Furen farko da na yi sai yadin ya tattare, ya yi ƙullutu. Ɗinkin hula jan zare yake so, a matse shi tamau don hula ta tsaya. Wannan kuwa so yake zare ya kwanta kawai, ba ja ba saki. Hannuna ya saba da matsewa, ya kuma saba da gudu. Ina zaune ni kaɗai, ba mai jira, sai in tsinci kaina ina sauri, ƙirjina yana bugawa, ina lissafin kwana nawa ya rage Sallah. Wani lokaci har in ji kamar an yi sallama a zaure, in ce ga ta nan ta zo karɓa. Dillaliyar da ta rasu tun tuni. Ban san tsoron matar nan ya zauna mini a jiki haka ba, alhali ba ta taɓa zagina ba, ita ma wani take tsoro a kasuwa.

Sai da na kafa wa kaina doka. Ba na ɗauka sai bayan la'asar, a tsakar gida inda haske yake, kuma ana kiran magariba zan zare allura ko da saura gida uku fure ya cika. Da farko barin gida ukun nan ya fi komai yi mini wuya, in kwanta yana cina. A hankali na saba. Akwai ranar da zan yi ganye ɗaya tak in ninke. Akwai makon da ban taɓa ba sam saboda biki ko ciwon gwiwa, kuma ba wanda ya zo ya tsaya mini a ka. A cikin ƙirgen nan ne kuma na samu inda zan ajiye tunanin marigayi. Mai ƙirga gida ba ta iya zurfafa tunani, in ta tafi ta ɓata lissafi. Sai ya zama ina tuna shi kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da zan iya ɗauka, in yi masa addu'a in koma ƙirge.

Mutane kam sun yi magana. Ƙanwar maigida ta zo ta same ni a kai ta ce, "Yaya, ke da aka yi wa aikin ido, maimakon ki riƙe carbi da Alƙur'ani sai wasan 'yan makaranta?" Na ce mata carbin yana nan, karatun ma da asuba nake yi, kuma idon da Allah ya mayar mini bai ce kada in kalli fure da shi ba. Matan unguwa masu hula su ma dariya suke, wai aikin marasa abin yi. Ban ga laifinsu ba. Da a 1990 na ga wata tana zuba zare mai tsada a abin da ba za a sayar ba, abin da zan faɗa ya fi nasu zafi.

Da gefe huɗu suka haɗu, saura tsakiya. Kwandon furannin ya tafi da littafin, ba abin kwafa. Jikata ta nemo mini zane iri-iri a intanet, kwanduna da tsuntsaye da gidajen Turawa masu hayaƙi, ban ji ko ɗaya ba. Sai na aika wa babban ɗana ya kawo mini rigar da ta faɗo a rabonsa, wadda mahaifina ya ɗinka wa marigayi da hannunsa lokacin aurenmu. Muka shimfiɗa ta. Tambari ya ƙi shiga gida-gida, da'ira ce, sai ta fito da gargada. Aska kuwa ta yarda, tsininta yana hawa daki-daki, gida ɗaya bayan gida uku. Dagi ma kamar don wannan yadin aka yi shi. Muka sa dagi a tsakiya, asake takwas suka kewaye shi, biyu ta kowace fuska, da baƙi da ruwan tsamiya. Mun ɓata takardu kafin lissafin ya fita, don sai an nemo ainihin tsakiyar yadin an ƙirgo daga can, kuma yadin da ya sha wanki ba ya zama daidai ta kowane gefe.

Yayana, wanda ya gaji zauren mahaifinmu, da ya gani sai da ya gyara tabarau. Ya ce, "Yanzu ke adon da sarakuna ke sawa a ƙirji shi za ki shimfiɗa a ɗora masa kwanon miya? Ga kuma furen Turawa kin kewaye shi da shi." Na ce, "Yaya, askar nan na yi wa mutanen da ban sani ba ita shekara da shekaru. Wannan tawa ce." Ya juya bayan ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce askar ta uku ta fi 'yan'uwanta kiba. Na ƙirga bayan ya tafi. Daidai take.

Na gama kafin babbar Sallah ta 2022. Tebur yanzu akwai shi a falo, yara suka saya tun tuni, a kai aka ci naman Sallah. Duk wanda ya kalla da kyau zai ga inda jan 1978 ya tsaya da inda sabon ya tashi, zai ga tabon tsatsa a gefe na uku. Wani jikan ya riga ya ƙara masa na shayi.

Bayan Sallah 'yar dillaliyata, wadda ta gaji sana'ar uwarta, ta shigo gaishe ni. Ta shafa shimfiɗar, ta juya bayanta, ta ce, "Mama, akwai wata Hajiya a Abuja da ke son irin waɗannan. In kawo yadi ki yi mata biyu kafin azumi?" Ta faɗi kuɗi, kuma ba laifi, ya fi na hula nesa ba kusa ba. Na ce mata a'a, wannan ba a sa ni. Ta ce to hula fa, tun da ido ya dawo? Na yi shiru, don fansho ba kullum yake zuwa a kan kari ba, maganin hawan jini kuma ba ya jira. Na ce ta kawo ɗaya, ɗaya tak, kuma kada ta faɗa mini rana.

Ta ce, "Mama, ai mai hula sai ya ji rana."

Na ce, "To ki faɗa masa. Ni dai kada ki faɗa mini."